Allunan Ƙirya da Ragon Alhaji Garba

Jikana Sagir ya dawo daga ƙasar Larabawa da bidiyo a waya. Ya zo filin da nake sayar da motoci shi da abokinsa Lawal, suka zauna a benci, suka ce dole sai na kalla. Wata farar jif ce ke hawa tudun rairayi tana zamewa gefe, mutanen ciki suna ihu kamar awakin da aka ɗora a akori-kura ranar kasuwa. Can sai ga su zaune kan darduma, rana na faɗuwa, ana gasa masu nama.

"Baba Alhaji, ka ga inda ake kwasar kuɗi a banza," in ji Sagir. "Ka hau tudu ka sauko, ka ba mutane nama, shi ke nan. Ka ba mu jif ɗin can mai ruwan toka mu fara."

Na ce ya maimaita bidiyon. Ya maimaita. Na ce, "Wa ya kawo itacen da ake gashin nan?"

Suka dubi juna. Lawal ya ce, "Ai ba a nuna shi ba."

Na ce, "To wanda ba a nuna ba ɗin, shi ne mai sana'ar. Ku gyara zama."

Na yi wannan aiki shekara shida, lokacin da uban Sagir ke rarrafe. Ni mutumin Mairuwa ne, kuma da masara na fara. Ina saye a kasuwar Yankara ina kaiwa Funtuwa. A hanyar Sabuwa na koyi tuƙi, cikin damina, a wata tsohuwar mota mai bodin katako. Duk wanda ya koyi tuƙi a wannan hanya abu ɗaya ya sani: in mota ta kafe a taɓo, ka sauka ka sari rassa ka cusa ƙarƙashin taya, ka taka totur har ta yi kuka ta fita. Itace kuwa ba abin tunani ba ne. Ka miƙa hannu hagu itace, ka miƙa dama itace. A ƙasarmu mutum ba ya guzurin itace, kamar yadda ba ya guzurin iska.

Da kuɗin man fetur suka buɗe, aka cika ƙasa da masu aikin titi. Wasu Turawa da suka kafa sansani kusa da mu suka yi gwanjon tsofaffin motocinsu, na sayi Landiroba ɗaya da niyyar in gyara in sayar. Kafin in sami mai saye, wani injiniyansu ya tambaya ko akwai wanda zai kai shi arewa ya ga rairayi. Na ce na san hanyar kamar yunwar cikina. A lokacin iyakata Jibiya.

Tafiyar farko ita ta sauke mini girman kai. Muka ƙetare iyaka, muka wuce Maraɗi, muka yi arewa kwana biyu a hanyar Agadas, itatuwa suna gajarta suna raguwa har suka ƙare. Rairayin farko da na shiga mota ta tsaya. Na yi abin da na iya, na taka totur. Ta nutse zuwa rabin taya. Na ƙara takawa, ta kwanta da cikinta kamar saniya mai naƙuda. Na fito da adda zan sari rassa, na tsaya ina juyawa gabas da yamma, ko tsinken sakace babu. Baturen kuwa yana ta ɗauka ta hoto.

Wani Buzu direba mai suna Malam Agali ne ya same mu a haka. Ya sauko daga motarsa, ya dubi ramin da na haƙa da kaina, ya durƙusa ya fara sace mini iskar taya. Na yi kansa.

"Kai, mi kake yi? Tayar nan sabuwa ce!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ɗan taɓo, ka taɓa ganin raƙumi da kofaton jaki?"

Ya rage iskar tayoyin huɗu har suka baje kamar tafin raƙumi. Ya kwashe rairayin gabansu da shebur, ya sauko da alluna biyu daga motarsa ya shimfiɗa. Ya shiga, ya sa giya ta biyu, ya taɓa totur a hankali kamar mai tashin jariri daga barci. Mota ta hau allunan ta fita.

Da na mayar da Baturen gida, na koma da buhun gero biyu na ce Malam Agali ya koya mini. Na bi shi wata uku. Ina da iyali a gida, amma ni ke haƙa, ni ke buga famfo, ni ke dafa shayi. Shi ya nuna mini cewa rairayin safe yana da ƙarfi, na rana kuwa gari ne. Ana hawa tudu ta gefen da iska ke bugawa, don nan ne ya daskare. Ba a ƙetare kan tudu sai an san abin da ke bayansa, ba a juya mota a gicciye kan gangara, ba a taka birki da ƙarfi. Kullum kafin mota ta tashi sai ya zagaya ya taɓa abu huɗu da hannunsa: ruwa, mai, alluna, itace. Yakan ce, "Abin da hannunka bai taɓa ba, ba ya cikin mota."

Allunana a Ƙanƙara na sa aka yi su. Kafintan ya ce ƙirya ce kaɗai za ta ɗauki nauyin mota ba ta tsage ba. Kowanne ya kai tsayin mutum, an sassaƙa masa tsagi-tsagi don taya ta kama, kuma namiji ɗaya da ƙyar yake ɗaga guda. Ƙirya ita ce itacen da maƙera ke yin gawayi da shi, don wutarta ba ta da na biyu. Ku riƙe wannan, zai dawo. Sauran kayan aikin shebur biyu ne, da famfon ƙafa, da jarkokin mai, da salkar ruwa da ake ratayawa a waje iska ta sanyaya ta, sai damin itace biyu a ɗaure saman mota tun daga Faskari.

Turawa ba su da wuyar sha'ani. Su dai a tsorata su, amma kada a kashe su. Ka hau da su tudu, ka bar mota ta zame kaɗan, su yi ihu, su ce a ƙara. Da yamma su buɗe gwangwaninsu su ci, su zauna a rairayi suna kallon rana kamar ba ta faɗuwa a garinsu. Wahala ta fara ne da namu suka ji labari. Alhazan kwangila, waɗanda shekara uku baya muke cinikin masara da su a kan buhu ɗaya, suka ce abin da Bature ya bar gidansa ya je gani, lallai akwai wani abu a ciki. Ka yi kwana uku kana tuƙa mutum, ka tsaya a gaban tudun da ya fi kowane kyau, ya sauko ya gyara hula ya ce, "To ina abin yake?" Ka ce ga shi nan. Ya ce, "Yashi? Wanda nake saye a tifa?" Akwai wanda ya damƙi rairayin ya murza, ya ce bai yi kyau da gini ba, a mayar da shi gida.

Aikin da ya kawo ƙarshen sana'ar na Alhaji Garba ne, wani ɗan kwangila daga Sabuwa. Yana neman aikin kwalbatoci a hannun babban injiniyan kamfanin titi, wani Bature da muke kira Mai Lofe. Ya ji Mai Lofe na son ganin rairayi, sai ya ce shi zai kai shi, kuma zai gasa masa rago a can. Ya ce mini, "Tuƙi naka, abinci nawa." Ya zo da sabuwar akori-kurarsa da direbansa, an lulluɓe bayanta da tamfol, ga rago a ɗaure, ga Malam Tanko mahauci daga Yankara a zaune kusa da ragon.

A Faskari muka haɗu. Yana ganin damin itace a saman Landiroba ya ɓata rai.

"Mi wannan? Zan ɗauko babban baƙo a motar masu itace? Sauke shi."

Na ce, "Alhaji, inda za mu babu itace."

"Ba daji za mu ba?"

"Daji ne, amma ba irin namu ba."

Ya yi dariya har da tafi. "Ku ji mani wanga mutum. Daji babu itace! To, sauke, za a sa a tawa motar, ƙarƙashin tamfol."

Na sauke, na tafi shan mai. Da na dawo na tambaya ko an sa, ya ce an sa komai. Ban ɗaga tamfol ɗin ba. Wannan laifin nawa ne, ba na Alhaji ba. Shi bai taɓa ganin wurin ba, ni kuwa wata uku Malam Agali ya yi yana faɗa mini a kunne.

Rana ta uku da azahar muka isa wurin da nake sauke baƙi. Kwari ne tsakanin tuddai, iska ba ta damun mutum a ciki. Shigarsa gangara ce, ba wuya. Fita ce aiki, don akwai wani wuri mai laushi a hanyar hawa da ban taɓa wuce shi ba sai da alluna. Daga nan zuwa rijiya mafi kusa rabin wuni ne a mota. A ƙafa kuwa ban san wanda ya taɓa gwadawa ya dawo ya ba da labari ba.

Bayan la'asar na ɗauki Mai Lofe da Alhaji muka hau tuddai. Mai Lofe yana dariya yana buga bodi. Alhaji ya riƙe hula da hannu ɗaya, ƙofa da ɗaya, yana salati. Duk tudun da muka sauko sai ya ce, "An gama?" Mai Lofe ya ce a ƙara, Alhaji ya yi murmushin dole ya ce, "A ƙara mashi."

Muka dawo muka tarar an sauke kaya. Abin da ke ƙarƙashin tamfol ya fito fili: dardumai, akwatunan lemo, buhun shinkafa, da manyan kujerun katako huɗu masu hannu da teburinsu, sai ƙyalli suke. Malam Tanko ya riga ya yanka rago ya feɗe, ya tsaga shi, ya shafe shi da ƙuli da yaji. Alhaji ya zaunar da baƙonsa a kujera, shi ma ya zauna a ɗaya ya baje riga.

Malam Tanko ya matso yana goge hannu. "Alhaji, ina aka sa itacen?"

"Kujeru sun cike wurin, na ce a bar shi. Shiga daji ka samo."

Malam Tanko ya juya a hankali, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi kudu da arewa. Ya ce, "Alhaji, wane dajin?"

Na ce akwai busasshen kashin raƙumi a gefen kwarin, Buzaye da shi suke dafa shayi, zai iya dafa shinkafa in an yi haƙuri. Alhaji ya ce in na ƙara ambatar kashin raƙumi a gaban baƙonsa zai saɓa mini. Tun daga Faskari yake yi wa Bature alkawarin rago, kuma rago za a ci.

A nan ne idon Malam Tanko ya faɗa kan allunan da ke ɗaure a gefen Landiroba. Ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya da wuƙa, ya sunsuna.

"Kai! Alhaji, wannan ai ƙirya ce. Guda ɗaya ma ta gasa ragon nan har ƙashi."

Alhaji ya saki fuska. "To Alhamdu lillahi. Kwance su."

Na ce, "Ba za a kwance ba."

"Faɗi kuɗinsu."

"Ba na sayarwa ba ne."

"Kai da ke sayar da komi? Na ji an ce har jakin ubanka ka taɓa sa wa farashi."

"Na sa, kuma na ci riba. Waɗannan su za su fitar da mu gobe. In aka ƙone su, ragon nan shi ne abincinmu na ƙarshe."

"To ba da guda."

"Mota taya biyu take hawa da su, Alhaji, ba ɗaya ba."

Ya taso daga kujera ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada baƙo ya ji. Ya ce, "Ka san ni ko? Duk Alhazan da kake ɗauka, daga Sabuwa har Ƙanƙara, a tabarmata suke zama. In na buɗe baki, ko akuya ba za ka ƙara ɗauka ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Na je na kwance allunan da kaina, Malam Tanko har ya fara washe baki. Na shimfiɗa su a ƙasa, ɗaya kan ɗaya, na zauna a kai.

Na ce, "Alhaji, ai ka zo da itace."

"Ina?"

"Yanzu ka tashi daga kansa."

Ya juya ya dubi kujerun. Ya dube ni. "Daga Kaduna aka kawo mani su! Ko sati biyu ba su yi a falona ba!"

"Nawa daga Ƙanƙara ne. Amma naka ba sa fitar da mota."

Rana tana sauka, ƙudaje sun fara samun naman, Mai Lofe kuma ya fara duban agogo yana shafa ciki. Alhaji ya ƙara duban kujerun. Sannan ya ce da direbansa, ba tare da ya kalle shi ba, "Fasa teburin."

Tebur bai isa ba. Aka bi da kujera ɗaya, aka bi da ta biyu. Hayaƙin fenti ya tashi baƙi ƙirin, Malam Tanko yana tari yana cewa a jira ya ƙone tukuna, in ba haka ba naman zai yi ɗanɗanon falo. Kafin fentin ya ƙone rabin katakon ya zama toka, aka kawo ta uku. Ta huɗu Mai Lofe ke kai, sai da aka roƙe shi ya tashi. Ya koma kan rairayi ya miƙe ƙafa, abin da yake so ke nan tun farko. Ni kuwa a kan allunana na yi magariba, don na ga Malam Tanko bai daina satar kallonsu ba.

Mai Lofe ya kira ni ya tambayi abin da ke faruwa. Da ɗan turancin da na tsinta na gaya masa cewa itace ya yanke, Alhaji ya ƙone kujerun gidansa don kada baƙonsa ya zauna da yunwa. Ban yi ƙarya ba, na dai zaɓi inda zan fara. Baturen ya cire lofe daga baki, ya tashi, ya je ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu yana girgizawa. Naman ya yi daɗi, ba laifi, sai dai in ka yi gyatsa ka ji kamar ka lashi ƙofa.

Da safe muka kama hanyar fita. A wurin nan mai laushi Landiroba ta kafe, muka sa alluna ta wuce. Akori-kurar Alhaji kuwa, da direban da shi ma a taɓo ya koyi tuƙi, sau bakwai tana nutsewa. A haƙa, a shimfiɗa, ta hau, ta yi tsayin allo ɗaya, ta sake zama. A ciro allunan daga baya a kai gaba. Tun a na uku hannuwa suka gaza, rana ta fara zafi, rairayi ya fara sakewa. Alhaji Garba ya tuɓe babbar riga ya ɗaura a ƙugu, ya kama bakin allo ɗaya, ni na kama ɗaya bakin. Mun yi ta jan ƙiryar nan tare har muka fita.

Alhaji ya sami kwangilar. Mai Lofe ya ce mutumin da zai ƙone kujerunsa don baƙo ba zai ci amana ba. Daga nan duk taron suna ko ɗaurin aure da Alhaji ya je, sai ya ba da labarin yadda ya ƙone kujerun Kaduna saboda karamci, da yadda wani direba ɗan Mairuwa ya hana shi guntayen katako biyu. Labarin safiya bai taɓa shiga ciki ba. Malam Tanko ya san komai, amma a wurinsa gidan Alhaji ke sayen nama, saboda haka shi ma labarinsa a magariba yake tsayawa.

Abin da Alhaji ya faɗa mini a rairayi ya cika. Alhazai suka ɗauke ƙafa. A shekarar kuma Turawan suka gama titinsu suka kwashe kayansu. Lokacin sanyi ya zo ya wuce, lokacin da ya kamata ina hanya, Landiroba tana tsaye a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Wata bakwai ban ɗauki ko akuyar da ya ce ba. Na koma cinikin masara don a ci abinci. Da damina ta kawo kai na sami wani mai jigilar taki ya saye ta, da riba, na sayi ƙananan motoci biyu na sayar. Haka aka fara filin nan. Mai takin ya so in haɗa masa da allunan, na ce su ba sa cikin ciniki.

Sagir ya ce, "To ina suke yanzu, Baba Alhaji?"

Na ce, "Ku tashi."

Suka tashi. Na ce su dubi bencin da suka yi awa guda a kai. Lawal ya shafa tsagin da ke jikin katakon, ya ga baƙin sawun taya da har yau bai goge ba. Na ce su ɗauki guda su kai bakin titi su dawo, sau bakwai, cikin ranar nan, sannan mu yi maganar jif.

Suka kama su biyu. Suka kai shi ƙofar fili suka ajiye, Lawal yana duba tafin hannunsa. Sagir ya tsaya yana haki, ya dubi allon, ya dube ni. Jinina ne, ba zai tafi bai taya ba.

"Baba Alhaji, in da gaske za mu fara, nawa za ka bar mana su?"

Na ce, "Alhaji Garba ma ya tambaya. Ku mayar mini da bencina."